Teta Vida, Mai Ƙirga Naɗin Waya da Wake

Ƙarfe shida na safe Teta Vida take ɗora gahawarta a wuta. Kafin ta tafaso sai ta buɗe tagar kicin ta leƙa ko maƙwabcinta ya sake tare mata ƙofa da motarsa, ta faɗi abin da za ta faɗa a kansa, ta dawo ta zauna ta sha a hankali. Ƙarfe bakwai ta wanke hannu da sabulu har sau biyu, ta goge shi tas, domin a cewarta gumin yatsa yana cin waya. Daga nan ta yaye ƙyallen da ke rufe da tsohon keken ɗinkin da ke gindin taga.

Keken nan ya fi shekara ashirin rabonsa da ɗinka riga. Marigayi mijinta ne ya cire masa allura ya ɗaura masa sandar ƙarfe, a jikinta ake soka ɗan akwatin kwalin da ake naɗa wa waya. A hagu akwai kwano cike da farin wake, a dama wani kwanon babu komai. Ta ɗora ƙafa a mataki, wayar tagulla siririya kamar gashin kai ta fara bin yatsunta tana kwanciya a jere, zagaye kusa da zagaye, ba wadda ke hawa kan 'yar'uwarta. Duk zagaye goma, ƙwayar wake ɗaya ta tashi daga hagu ta koma dama. In layi ya cika ta shimfiɗa takarda mai kakin zuma, ta fara wani a kai. Muddin ƙafar nan tana motsi, ko me ka zo da shi sai dai ka jira. Mai kawo wasiƙu ya sani, ajiyewa yake a bakin taga ya wuce, ko gaisuwa ba ya yi.

Sunanta Vidosava Tasić, amma a garinmu Nish ban san mai kiranta haka ba in ba takardar fansho ba, kowa Teta Vida yake ce mata, wato Inna Vida. Shekararta saba'in da uku, hamsin da huɗu daga ciki tana naɗin kwayil, wato dunƙulen wayar da ake sa wa kayan lantarki, talatin a masana'antar rediyo da talabijin, sauran a kicin ɗin nan bayan an sallame su. Ƙarshen wannan wata za ta rufe keken ta koma wurin 'yarta a birnin Graz, can ƙasar waje. Shi ya sa na zauna rubutun nan, ni da ban taɓa rubuta abin da ya wuce rahoton lalacewar mota ba. Sunana Gojko, direban bas ne ni, layin da ke zuwa tashar jirgin ƙasa. Akwai kuma dalili na biyu. Wata takwas ke nan ana yawo da magana a tsakaninmu cewa hannun Teta Vida ya mutu, ta fara ɓata aiki. Ƙarya ce, kuma daga garejina ta fito. Zan zo kanta, amma bari in fara gaya muku ko wace ce.

Mu nan wasu mutane ne da ba mu kai talatin ba, yawancinmu furfura ta kama mu ko gashi ya gudu, cutarmu ɗaya. Muna haɗa amfilifayar jita da hannunmu, irin ta da mai kwalabe, waɗannan da suke yin ja kamar garwashi in sun ɗauki zafi. Ba kuma mai sanyin murya muke so ba. Muna son wadda za ka ɗan taɓa tsirkiya ta yi gurnani har gilashin taga ya amsa. Ana bi da sautin ta kwalba ta farko, ta miƙa wa ta biyu, har zuwa ta huɗu, kowace tana ƙara masa ƙarfi, sai ya cika ya fashe. Matanmu hayaniya suke ce masa. Duk Asabar da hantsi muna haɗuwa a bayan shagon Zvonko mai gyaran injin wanki, mu ci burek, gurasar nan tamu mai nama a ciki, mu yi musun da ba ya ƙarewa.

Kwalabe ana samu, a kasuwar gwanjo ko a akwatin wani tsoho da ya rasu. Ƙananan kaya duk ana saye. Abu ɗaya ne ba ka iya yi a garejinka, wato taransfomar ƙarshe, dunƙulen ƙarfe da waya da ke karɓar ƙarfin kwalabe ta miƙa wa lasifika. In ba ta yi kyau ba wahalar shekararka ta tafi a banza, amfilifaya sai ta riƙa magana ta hanci. A garin nan duk wadda ka ji tana gurnani da cikakkiyar murya, juya bayanta ka duba. Za ka ga ɗan harafin V da jan farce a gefen taransfomar.

Zvonko ya taɓa sayo mata ɗan agogon ƙirga a kasuwar gwanjo, irin wanda ake ɗaura wa inji yana nuna lamba, wai don ya rage mata wahalar wake. Ta karɓa ta yi godiya, ta ɗaura, amma ba ta ɗauke kwanukanta ba. Da aka kai ƙarshen naɗi agogo ya ce an cika, wake ya ce da saura talatin. Ta warware duka ta sake ƙirgawa, yini biyu ta yi a kai, wake ne ke da gaskiya. Asabar ta gaba Zvonko ya je ya tarar da kyautarsa a ƙasa tana tokare ƙofar baranda.

"Haba Teta, abin da na zaga kasuwa kaf kafin in samo?"

"Ai yana aiki," in ji ta. "Tun da na sa shi nan iska ba ta ƙara bugo mini ƙofa ba."

Ba a karɓar taransfoma a wurinta a tsaye. Ranar da ta gama, waken da ya tsallaka kwanon dama shi take zubawa a tukunya, ta ƙara wani a kai, da albasa da jan tattasai da ɗan ƙyafaffen nama, kuma dole mai aiki ya zauna ya ci. Kana ci tana jefo maka tambayoyi kamar ɗan sanda. Wace kwalba za ka sa? Ta ina za ka bi da wayar ƙasa? Wani likitan haƙori ya taɓa zuwa da amfilifayarsa a buɗe don ya nuna mata gwaninta, ya zura hannu biyu ciki yana ta bayani. Zvonko yana wurin, shi ya ba mu labari. Ta miƙe ta ɗauke taransfomar daga kan tebur, ta mayar cikin kabad ta kulle.

"Likita, ina ake ajiye hannun hagu in ana taɓa cikin nan?"

"A aljihu, Teta, na sani. Ai a kashe take."

"A kashe take, amma cikinta yana riƙe da wutar da za ta shiga ta hannun nan, ta ratsa ƙirjinka, ta fita ta wancan. Wa zai cire wa mutane haƙori? Je ka koyi sa hannu a aljihu, ka dawo bayan wata guda. Cinye wakenka."

Ya cinye ya tafi hannu rabbana, ya kuma dawo bayan wata guda da hannunsa a aljihu tun daga bakin ƙofa.

Kafin ta miƙa maka kayanka kuma akwai maganar da sai ka maimaita a gabanta, ko kai wane ne: lasifika tukuna, sannan makunni. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Amfilifaya mai kwalabe in ka kunna ta ka kaɗa jita babu lasifika a jone, ƙarfin da ta tara ba shi da mafita, sai ya juyo ya huda taransfomar daga ciki. Wannan ne kuskuren da duk mai harkar nan ya fi jin kunyarsa, don shi ake fara koya wa kowa. Ni kaina na sha tsayawa a bayan shagon Zvonko ina yi wa sababbin shiga wa'azi a kansa, da burek a hannuna.

Teta Vida, ke ce wadda ba ta taɓa hawa dandamali ba, amma ba mu taɓa yin wasa babu hannunki a ciki ba. An tafa wa masu jita, an tafa wa masu ganga, har ni da nake kuskuren tsirkiya an tafa mini. Ke ko sau ɗaya ba ki zo kin ji ba. Na taɓa kawo miki tikiti kyauta kika ce kunnenki ba na haya ba ne, kika ƙara wa rediyonki mai kiɗan gargajiya murya. Uwar gurnani wadda ba ta son hayaniya, haka muke ce miki a bayan idonki.

To, ga abin da ya faru. Wata goma sha huɗu na yi ina haɗa tawa amfilifayar, mafi ƙarfi da na taɓa yi, duk ranar hutu ina gareji da ƙarfen like da dalma. Teta Vida ta naɗa mini taransfomarta cikin sati uku. Na ci wake, na maimaita magana, na rungumo kayana na dawo gida. Wata ranar Lahadi bayan abincin rana na gama jona waya ta ƙarshe, na kira Zvonko na ce ya zo ya sha mamaki. Ya ce ga shi nan. Da na yi haƙurin minti goma da babu wannan rubutu.

Da safen ranar na zare igiyar lasifika don in ja akwatin in yi shara, na manta ban mayar ba. Na kunna, kwalabe suka yi ja, na kaɗa jita, shiru. Mai hankali a nan zai kashe ya duba. Ni kuwa na murɗa kowane maɓalli har ƙarshe, na daki tsirkiyoyi da iya ƙarfina, na sake, na kuma sake. Sai na ji wata 'yar ƙara daga baya kamar an karya tsinken ashana, wari ya biyo ta, warin kakin zuma da ya ƙone. Na kashe. Na leƙa baya na ga bakin igiya yashe a ƙasa.

Ina jin motar Zvonko ta tsaya a waje na sunkuya na ɗauki igiyar na soka ta a raminta. Ban tsaya shawara ba, ko da zuciyata. Daƙiƙa biyu abin ya ɗauka, kuma babu abin da na taɓa yi da nake jin kunyarsa kamar wannan.

Zvonko ya shigo yana baza hanci. Ya zaga baya, ya ga igiya a jone, ya taɓa taransfoma, ya auna ta da mitarsa, ya girgiza kai.

"Ta tafi. Sabuwa fil, ko minti biyar ba ta yi ba?"

"Ko biyu," na ce.

"Kai! To ai ba abin mamaki ba ne, ɗan'uwa. Ba ka ga yadda take kai waya har bakin hanci yanzu ba? Tsohuwa ta tsufa. Ta ɗora waya a kan waya ba ta gani ba."

Na ɗaga kafaɗa. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Wannan ɗaga kafaɗar Zvonko ya ɗauka ya kai taron Asabar, shi kuwa, Allah ya bar mu tare, in ya kama magana ko injin wanki bai kai shi juyawa ba. Ba mugu ba ne, yana son Teta kamar uwarsa, da tausayi ma yake faɗa. Tausayin ne ya fi ɓarna, don ba wanda yake musu da mai tausayi. Kafin wata ya ƙare mutum biyu da ke layi sun ce mata sun fasa, wai aiki ya sha musu kai, suka yi odar tasu daga waje ta intanet.

Maganar ta isa har Graz. 'Yarta Dubravka ma'aikaciyar jinya ce a can, ta daɗe tana neman hujjar ɗauke uwarta, sai ga hujja ta same ta har gida. Teta ce da kanta ta gaya mini daga baya yadda suka yi a waya. Dubravka ta ce, "Mama, yau taransfoma ce ta ƙone, gobe gidan ne." Ita kuma ta ce, "In hannuna ne, ki zo ki ɗauke ni a satin nan, ba zan yi musu ba. Amma sai na gani da idona."

Wata Talata da hantsi na tsaya a tashar kasuwa, ƙofa ta buɗe, sai ga Teta Vida da jakar cefane. Ta nuna katinta na 'yan fansho, ta zauna a kujerar da ke bayana daidai. Sai da muka wuce tasha biyu sannan ta kira sunana.

"Gojko."

"Na'am, Teta."

"Ka kawo mini ita."

"Ai na jefar, Teta. Ta ƙone, me za ki yi da ita?"

"Ɗan garin nan ne zai jefar da tagulla? Tun kana da gashi na san ka, kada ka fara yi mini ƙarya da sanƙo. Gobe da safe."

Wata mata a kujerar gefe ta fashe da dariya. Teta ta sauka a tasha ta gaba, ina kallonta ta madubi ta tsallaka titi ta tsaya jiran motar komawa. Ba cefane ne ya fito da ita ba.

Na kai mata. Ta zare ƙarafan jikin taransfomar ɗaya bayan ɗaya, ta soka naɗin a sandar keke, ta fara juya shi baya da hannu, don wayar da ta sha zafi ba ta son gaggawar ƙafa. Waken farko ni na cinye shi, saboda haka ta ƙirgo sabo daidai adadinsa ta zuba a kwanon dama. Duk zagaye goma da ta warware, ƙwaya ɗaya ta koma hagu. In hannunta bai yi ƙarya ba, ƙwayar ƙarshe za ta tashi tare da zagayen ƙarshe. Kowane layi kuma sai ta bi shi da gilashin ƙara girma, tana neman inda waya ta hau 'yar'uwarta.

Kwana tara ta yi a kai. Maƙwabcin nan mai tare ƙofa ya ce duk wucewar da zai yi yana ganinta a gindin taga a sunkuye, har faɗan safe ta daina yi masa, abin ya tsorata shi ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko lafiya. Ta gaya mini daga baya cewa duk takardar da za ta ɗaga sai gabanta ya faɗi. Ba tafiya Graz take tsoro ba. Tsoronta shi ne a ce ta daɗe tana ba mutane aikin banza tana sa masa jan farce, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Ni kuwa a kwana taran nan ina ta tuƙa bas ɗina, da amsar a bakina.

Rana ta goma ta kira ni. Na tarar da takardun kakin a jere a kan tebur, kowace da lambarta da fensir, waya a dunƙule gefe guda, kwanon dama babu ko ƙwaya. Ta ɗauki takarda ta bakwai ta ɗaga ta saitin taga.

"Zo ka duba. An ce idonka ya fi nawa."

Rami ne ɗan mitsitsi kamar hudar allura, bakinsa baƙi ƙirin. Ta ɗaga ta takwas, ga shi nan a daidai wurin.

"Waya ba ta hau 'yar'uwarta ba ko wuri ɗaya, daga farko har ƙarshe," ta ce. "Ƙwayar ƙarshe ta tashi tare da zagayen ƙarshe. Wannan kuwa wuta ce ta rasa mafita ta huda takarda. Sau uku na taɓa ganin irinsa a shekara hamsin, kuma duk abu ɗaya ne ya jawo. Ka san shi?"

"Na sani, Teta."

"To maimaita."

Mutum mai shekara hamsin da biyar, har da jika, na tsaya a tsakiyar kicin kamar ɗan firamare na ce, "Lasifika tukuna, sannan makunni." Na gaya mata komai, har da igiyar da na mayar kafin Zvonko ya shigo. Na zaci za ta kore ni. Sai ta zauna, ta ɗora hannuwanta biyu a kan tebur tana kallonsu, ta juya tafi, ta juya baya, ta daɗe a haka. Sai ga hawaye, ni da ko a jana'izar mijinta ban ga hawayenta ba.

"Kwana tara ina tuhumar waɗannan," ta ce. "Ashe ba su yi mini komai ba."

Na ce ranar Asabar zan faɗa wa kowa. Ta share ido da bayan hannu.

"Wannan tsakaninka da bakinka ne, ɗana. Ni na ga abin da nake son gani. Miƙo tukunya, waken nan ba zai dafa kansa ba."

Ta sake naɗa mini wata, amma da sharaɗi, ni zan zauna gefenta duk ranar hutuna in riƙa tsallakar da wake. Sati huɗu muka yi. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba, yadda babban yatsanta yake jin waya ta yi tauri tun kafin ido ya gani, yadda take rage ƙafa a kowace kusurwa. Sau biyu hankalina ya tafi na manta ƙwaya, sau biyu ta tsayar da keke ta kalle ni, don ita ma tana ƙirgawa a ranta. Amfilifayar tana nan a garejina, tana gurnanin da ya sa matata ta koma shanya a ɗaya gefen gida.

Asabar ta zo na je da niyyar faɗa. Na tarar ana yi wa wani sabon shiga dariya don ya ƙona fis, ana ta buga tebur, sai na haɗiye maganata da burek na ce mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya zo ya wuce. Ranar da na kawo sabuwar amfilifayar suka ji ta, Zvonko ya dafa kafaɗata a gaban kowa.

"Kun ji? Wannan karon Gojko ne ya zauna mata a kai yana ƙirga mata. Ɗan halak ne, bai bar tsohuwa ita kaɗai ba."

Aka jinjina mini. Na yi murmushi na karɓa. Wato horon da ta yi mini shi ya koma shaidar cewa ba ta iya ƙirga ita kaɗai.

Ita kuwa ba ta gaya wa kowa ba. Dubravka kawai ta ce wa, "Ba hannuna ba ne," ta tsaya nan. Zvonko yana zuwa mata da burek kusan kowane mako, yana yi mata magana a hankali irin wadda ake yi wa maras lafiya, kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta wanke ta, ba ta furta ba. A wata takwas, ban da nawa, aiki biyu ne suka shigo kicin ɗin nan, ɗaya ma kwayil ɗin fanka ne. Abin da na faɗa muku a farko, na gahawa da wanke hannu da yaye ƙyalle, haka take yi har yau. Sai dai yanzu yawancin ranaku babu abin sokawa a sanda, takan ɗan goge keken ta sa masa mai, ta mayar da ƙyallen. Da Dubravka ta sake kawo maganar tafiya a watan jiya, ba ta yi musu ba. Ta ce gwiwa ce da matakalar bene suka isar ta. Gwiwar nan shekara goma tana ciwo, ba ta taɓa tayar da ita daga gindin taga ba.

Makon jiya na je na ce mata zan rubuta komai a jarida, da sunana.

"Wa zai karanta?"

"Duk gari, Teta."

"Zvonko ba ya karanta komai sai sakamakon ƙwallo."

"Shi zan karanta masa da bakina, a bayan shago, a tsaye, gaban kowa."

Ta ɗan kalle ni ta saman tabarau. "To me za ka ce?"

"Zan ce zagaye dubu biyu da ɗari huɗu kika warware, ba ki sami kuskure ko ɗaya ba."

"Da goma."

"Na'am?"

"Dubu biyu da ɗari huɗu da goma. Ƙwayar wake guda ce, kada ka cinye mini ita."

Teta Vida, ke ce wadda aka zargi hannunta, maimakon ta yi rantsuwa ko ta nemi wanda za ta ɗora wa, ta zauna kwana tara tana binciken kanta. Ke ce kika kama ni dumu-dumu kika zuba mini wake. Kin bar mini mutuncina a hannuna, ni kuma na riƙe shi wata takwas ina kallon naki yana zubewa. Ina neman gafararki a nan inda kowa zai gani, kuma na san ya zo a makare. Mun gode miki, mu duka masu V a bayan amfilifaya, da likitan da har yau yake cire haƙori da hannuwansa biyu lafiya lau. Allah ya ƙara miki lafiya, ya kai ki Graz lafiya, ya sa ki sami tagar da za ki riƙa leƙawa da maƙwabcin da za ki yi wa faɗa.

Ku kuma 'yan Asabar, da duk mai aikin hannu da ya karanta wannan, in an yi shakkar aikinku ku yi yadda ta yi, ku warware shi da kanku ku duba. In kuma ku ne kuka zare igiya, ku faɗa tun ranar, kafin mota ta tsaya a waje. Saura kwana goma sha tara ta tafi. Keken yana nan a gindin taga, ta ce wayar da ta rage za ta isa taransfoma biyu, mutum biyun da suka fasa sun san kansu. Wanda yake son koyon naɗi ya zo ya zauna gefenta tun tana nan, don keken ni za ta bar wa, ni kuwa tsallakar da wake kawai na iya, shi ma sai an sa mini ido.

Teta, ga ƙwayarki nan na mayar miki. Zagaye dubu biyu da ɗari huɗu da goma, babu kuskure ko ɗaya.